Hoton Sarki a Bango: Tsakanin Ado da Girmamawa

Sau da yawa wanda ya shiga shago a Gwarzo ko Kabo, ko zauren dagaci a ƙauye irin Gammo, yakan tarar da hoton sarki a rataye. Da aka sa waɗannan garuruwa ƙarƙashin masarautar Ƙaraye a 2019, aka kuma rushe tsarin a 2024, zaɓen hoton da za a rataya ya koma tamkar bayyana mubaya'a. Wannan aiki na hoto ya girmi kyamara.

Bayan sulhun Daular Usmaniyya da birnin Benis na Italiya a 1479, Sultan Muhammad al-Fatih ya nemi a aiko masa da mai zane. Aka turo Gentile Bellini, ya zana shi da fentin mai a 1480, domin Benis tana son hanyoyin fataucinta su zauna a buɗe. A Farisa, Fatahu Ali Shah, wanda ya yi mulki daga 1797 zuwa 1834, ya riƙe masu zane a fada, irin su Mihr Ali, suna zana shi daidai tsayin mutum, da dogon gemu da lu'ulu'u tun daga kambi har ɗamara. Dukiyar baitulmali ce ake nuna wa idon baƙo. Ana aika zanen kyauta ga sarakunan ƙetare, talakawa kuwa su rusuna masa a hanya kamar sarkin ne da kansa.

A wannan rusunawa mas'alar take. Malikawa sun haramta cikakkiyar surar mai rai idan tana da inuwa, wato mutum-mutumi. Wadda aka zana a shimfiɗe kuwa, in ana taka ta ko zama a kanta, barinta ya fi. In an ɗaukaka ta, makaruhi ce. Imamu Nawawi ya haramta duka biyun. Ɗalibanmu sukan ƙare muhawara a kan ko hoton kyamara sura ne, su manta da inda aka ajiye shi. A ganina nan ne illar take, domin ruwayar Ibnu Abbas a Buhari ta nuna gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) sun faro ne daga tunawa da salihan bayi. Hoton da ke jikin naira ana naɗe shi a aljihu, ana miƙa wa mai gyaɗa. Na zauren dagaci kuwa sama da kawunan jama'a yake, a ƙarƙashinsa ake faɗuwa gaisuwa.