Bargon jariri na ƙyallaye

Ƴar'uwa mai karatu, duk macen da ke zaman unguwa ta san nauyin buki. Yau a ce maƙwabciya ta sauka, gobe a ce matar ƙanenki ta haihu. Ranar suna kuwa ba a zuwa hannu sake. Wata ta kai turmin atamfa, wata sabulu da rigunan jariri, wata kuɗɗi. To, wadda ba ta da shi fa? Sau da yawa sai ta ci bashi, ko ta saida ƴar akuyarta, ko kuma kunya ta hana ta zuwa, zumunci ya yi sanyi.

Akwai kyautar da ba ta cin kuɗɗi da yawa, amma tana da amfani ƙwarai. Ita ce ƙaramin bargo da ake haɗawa da guntayen yadi. Abin da take so gare ki shi ne allura, da zare, da haƙuri, da ɗan lissafin da kinka koya a aji.

Wanga aiki ba baƙo ba ne

Tun kaka da kakanni masaƙanmu ke saƙa sirara-sirara, a haɗa su gefe da gefe, a samu gwado ko luru. A ƙasar Bangaladash da gabashin Indiya, mata suna jera tsofaffin zannuwa bisa juna, su bi su da ɗinki. Suna ce ma abin "kanta", kuma da shi suke rufe jariransu. A Amurka, cikin jahar Alabama, akwai wani ƙauye, Gee's Bend, na baƙar fata jikokin bayi. Matan garin sun daɗe suna yanka tsofaffin tufafin aiki suna yin barguna saboda sanyi. A shekara ta 2002 anka baje bargunansu a gidan nune-nune na birnin Houston, a 2006 kuma anka buga hotunansu bisa kan sarkin wasiƙa. Kin ga ke nan ƙyalle ba abin renawa ba ne.

Don mi jariri ke bukatar bargo?

Jikin jariri ba ya riƙe ɗumi kamar na babba. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 36,5 da 37,5. A lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Maraɗi ko Damagaram yakan kai digiri 15 ko ƙasa da haka. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi laushi, ya rage shan nono. Saboda haka abin rufa mai tsabta, marar nauyi, ba ado ba ne kawai, kariya ce.

Kayan aiki

Ki je wurin tela ki roƙi ragowar yadin da ke zube ƙarƙashin kekensa. Ki duba cikin akwatinki ma, ba za ki rasa guntaye ba. Amma ki zaɓi na auduga kaɗai, don shi ke tsotse zufa. In kina shakka, ki yanki ɗan ƙanƙane ki sa masa ashana a tsakar gida. Na auduga yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Shadda mai ƙaro da leshi mai duwatsu, ki aje su gefe, suna kartar fatar jariri.

Ban da guntaye, ki nemi zane biyu: tsoho guda mai laushi na sawa a tsakiya, da mai kyau guda na baya. Sai allura, zare mai ƙarfi, almakashi, metir na tela, kwali, da alli ko guntun sabulu na yin alama.

Kafin ki yanka komi, ki wanke ƙyallayen duka da sabulu, ki shanya su ga rana, ki goge. Wanki ne ke nuna yadin da ke zuba da wanda ke tsukewa. Wanda ya rina ruwa har sau biyu, ki fidda shi, kada ya ɓata sauran.

Lissafi kafin almakashi

Jariri sabon haihuwa tsawonsa wajen santimetir 50 ne. Bargo mai faɗin santimetir 80 da tsawon 100 ya ishe shi har ya fara tafiya.

Ki yanka kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimetir 12. Shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi bisa ƙyalle, ki zagaya da alli, ki yanka. Ɗinki zai ci santimetir 1 ta kowane gefe, abin da zai fito fili 10 ne. Faɗin bargo na son gida 8, tsawo na son gida 10. In kin yi 8 sau 10, gida 80 ke nan. Ki yanka 80, ki ƙara biyar ko shida saboda tsaro.

Tsara launi

Kada ki fara ɗinki sai kin zana tsarinki. Ki buɗe littafinki na lissafi mai gida-gida, ki kewaye gida 8 a kwance da 10 a tsaye. Ga tsari uku masu sauƙi:

1. Ɗaya mai haske, ɗaya mai duhu, bi da bi. Kina bukatar 40 na wanga, 40 na wancan.
2. Kunya-kunya kamar gona: kowane layi launi guda, gida 8 ke nan kowane launi.
3. Mai katanga: gidajen bakin bargo duka launi guda, su 32, sauran 48 na ciki kuwa a gauraya.

In kin zaɓa, ki shimfiɗa tabarma, ki jera guntayen kamar yadda kinka zana. Ki ja da baya ki duba. In ja ya taru wuri guda, ki warwatsa shi. A kusurwa ɗaya ki sa farin gida wanda ba shi da zane, za ki ji amfaninsa nan gaba.

Ƙaƙa ake haɗawa?

Ki ɗauki guntaye biyu, ki haɗa fuska da fuska, ki ɗinka gefe guda, santimetir 1 daga baki. Ki yi ɗinki ƙanana, kina maido allura baya kaɗan kafin ki ci gaba, don kada ya warware. Haka za ki yi har 8 su zama layi guda. In layi 10 sun cika, ki haɗa su da juna, kina lura kusurwa ta faɗa bisa kusurwa. Ki goge bayan, ɗinki ya kwanta. Yanzu in kin auna za ki samu 82 da 102, saboda santimetir 1 da ya rage ta kowane baki.

Ki yanka tsohon zane daidai da wanga awo. Zanen baya kuwa ki yanka shi 88 da 108, wato ya zarce da santimetir 3 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa na baya, fuskarsa na duban ƙasa. Ki ɗora tsohon zane, sannan na guntaye a bisa, fuskarsa sama. Ki lallatsa da tafin hannu har ya miƙe sumul.

Sai ki bi ukun da ɗinki layi-layi, tsakanin layi da layi kamar faɗin yatsa uku. Ki fara daga tsakiya ki nufi baki, in ba haka ba yadi zai tattare a tsakiya. Daga ƙarshe ki naɗo bakin zanen baya sau biyu, ki kalmasa shi bisa fuska. Kowane ƙulli ki ɓoye shi ciki, ki datse zaren da ya yi saura. Zare mai tsawo yana iya naɗe yatsar jariri. Kada ki sa maɓalli, ko dutsen ado, ko tuntu, yaro na iya cizgewa ya haɗiye.

Mai keke za ta gama cikin kwana biyu ko uku. Mai ɗinkin hannu ta yi layi guda kowace rana bayan ta sauke tukunya, da yayyafi kogi kan cika. Ki fara tun da sauran wata biyu, ki yi abinki shiru, tunda ba a yi wa ciki shela. In kin gama, ki sake wankewa, ki ninke, ki aje. Bayan an raɗa suna, ki ɗauki jan zare ki rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa cikin farin gidan nan. Ranar da za a sa shi lakkol, uwar ba za ta yi ta tambayar shekarunsa ba.

Abin da za ki gaya wa mai jego

Kyautar ba ta cika ba sai da wagga magana. Bargon ya fi amfani wurin shimfiɗa, da ɗaukar jariri a hannu, da yafawa bisa goyo da sanyin safiya. In za shi barci, a kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, kuma ban da matashin kai. In an rufa masa, kada bargo ya wuce ƙirji, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Kada a rufe masa fuska ko kaɗan, ko a goye yake, don numfashinsa na iya toshewa. A taɓa bayan wuyansa, in yana zufa a rage rufa. Bargo ba ya hana sauro, sai an shiga sange. Jaririn da anka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, ƙirjin uwarsa ya fi masa kowane bargo: a ɗora shi fata da fata, a rufe su tare. In jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi nono, a kai shi gidan likita maza-maza.

Ƴar'uwa, sabulu na ƙarewa, riga na matse yaro cikin wata uku. Bargo mai kyan ɗinki kuwa wa ya bar wa ƙane. Ranar suna ki ɗauki abinki ki tafi barka, ba ki da bashin kowa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tambayoyi

1. Ƙaƙa ake gane yadin auduga da na roba?
2. Don mi ake fara ɗinkin layi daga tsakiya?
3. In kina son bargo mai gida 9 a kwance da 12 a tsaye, guntaye nawa za ki yanka?
4. Waɗanne abubuwa za ki gaya wa mai jego game da barcin jariri?