Ko Kun Sani? Liyarin da Shekararsa Ba Ta Sauyawa

Ko kun san cewa tsohon kuɗin azurfan nan da kakanninmu ke kira liyari, wanda fatake suka ratso Hamada da shi, maƙera kuma suka yi ta narkarwa suna ƙera mundaye da zobba, asalinsa daga ƙasar Ostiriya yake, kuma surar da ke kansa ta Sarauniya Mariya Tereza ce? Ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwa sun amince da azurfarsa, ba su kuma yarda da wani sauyi ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, a Biyana, daga bisani har a Landan da Rum da Bombai. A Kano, a 1851, Bature matafiyi Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya tarar ana canjinsa a wuri 2,500.

Saboda haka idan wata dattijuwa ta kwance ƙullinta ta nuna maka shi, kada 1780 ta ruɗe ka, domin galibinsu bugun baya ne, kuma sai masana, bayan dogon nazarin ƙananan alamomi, suke iya tantance na farko.