Tsaron Kwamfuta: Kafin a Yaye Ɗalibai, Sai an Horar da Malamansu

A ƙarshen shekarar 2013, ɓarayi sun kutsa cikin na'urorin kamfanin Target, ɗaya daga cikin manyan kantunan ƙasar Amurka, inda suka kwashe bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 na masu sayayya. Bincike ya nuna cewa sun shiga ne da kalmar sirrin wani ƙaramin kamfani da ke yi wa kantunan gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Irin wannan kafa, ƙaramin ma'aikacin da ke kula da na'urori shi ne ya kamata ya toshe ta, kuma akasarin waɗannan ma'aikata a kwalejoji ake yaye su. Tambayar da ta daɗe tana damun hukumomin ilimi ita ce: wane ne zai koyar da su?

Amurka ta fara tinkarar al'amarin tun a 1998, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ba da umurnin a kare muhimman kayayyakin more rayuwa, kamar bankuna da wutar lantarki da sadarwa, daga hare-hare ta kwamfuta. A 1999 Hukumar Tsaron Ƙasa ta NSA ta fara tantance jami'o'in da manhajarsu ta tsaron bayanai ta cika sharuɗɗa, kuma guda bakwai kacal suka samu shiga a karon farko, cikinsu har da Jami'ar Purdue. Sai a 2010 aka buɗe wannan ƙofa ga kwalejoji masu karatun shekara biyu, waɗanda suka yi kama da makarantun fasaha na Nijeriya.

A waɗannan kwalejoji ne aka fi jin ƙarancin malamai. Malamin da ya ƙware a kan rubuta manhaja ko haɗa na'urori bai zama lallai ya san yadda ake gano kutse ba, balle ya bi sawun ɓarawo a cikin na'ura. A kan haka ne Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta ba da kuɗi a 2003 aka kafa cibiyar CSSIA a Kwalejin Moraine Valley da ke kusa da birnin Chicago, wadda ta mai da horar da malamai babban aikinta. Malami kan zo kwas na 'yan kwanaki, galibi a lokacin hutun makaranta, ya zauna gaban na'ura tamkar ɗalibi, ya kai hari ya kuma kare hari da hannunsa, sa'an nan ya koma kwalejinsa da darussa da ayyukan gwaji a shirye.

Abin da ya fi sauƙaƙa aikin shi ne ɗakin gwaji na nesa. Ba a koyar da kutse a kan na'urorin makaranta, domin kuskure ɗaya na iya lalata bayanan albashi ko sakamakon jarrabawa, kuma gina keɓaɓɓen ɗaki ya fi ƙarfin ƙananan kwalejoji. Saboda haka cibiyar ta tanadi na'urori a wuri guda, malami da ɗalibansa su shiga ta intanet, su ɓata abin da za su ɓata, a mayar da kome yadda yake kafin ajin gaba ya shigo. Ta wannan hanya kwaleji da yawa ke cin moriyar kayan da aka saya sau ɗaya.

Duk da haka, akwai matsalar da horo bai magance ba. Da zarar malami ya ƙware ya kuma mallaki takardar shaida, bankuna da kamfanonin sadarwa kan yi masa tayin albashin da makaranta ba za ta iya biya ba. Wato 'yan kasuwar da ke kukan rashin ƙwararru su ne ke ɗauke mai yaye su.

Nijeriya ta iso wannan gaɓa. Bayan dokar laifuffukan intanet ta 2015 da ƙa'idojin tsaron da Babban Banki ya shimfiɗa wa bankuna a 2018, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedkwata a Kaduna, ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu a 2024, ɗaya daga ciki shi ne tsaron intanet da kare bayanai. Rubuta manhaja a takarda abu ne mai sauƙi; malaman da za su koyar da ita kuwa, mafi yawansu su ne dai waɗanda ke koyar da tsohuwar.

Asusun TETFund, wanda tushensa harajin ilimi ne da aka ɗora wa ribar kamfanoni a 1993, yana ɗaukar nauyin malamai su ƙaro karatu, musamman digiri na biyu da na uku. Wannan na da amfani, sai dai yana cin shekaru, alhali dabarun ɓarayi kan canja cikin watanni. Abin da tsarin Moraine Valley ya dogara a kansa shi ne gajeren kwas da ake maimaitawa a kai a kai, da ɗakin gwaji na haɗin gwiwa. Kamfanonin da ribarsu ta gina asusun suna da hurumin tambayar nawa ne daga cikin kuɗin ke zuwa ga irin wannan horo.