Yadda Tashar Deep Space Nine Take Kare Kanta Alhali Ba Ta Iya Gudu

Masu kallon Star Trek sun saba da abu ɗaya: idan faɗa ya fi ƙarfin jirgin Enterprise, sai kyaftin ya ba da umarni a ƙara wuta a bar wajen. Shirin Deep Space Nine, wanda aka nuna a Amurka daga 1993 zuwa 1999, ya cire wannan damar gaba ɗaya, domin labarinsa a kan tasha yake, mai faɗin kusan kilomita ɗaya da rabi, wadda ba ta da injin tsere wa kowa. Wanda bai kalla ba ya sani, za mu tona wasu abubuwa a nan.

Asalin sunan tashar Terok Nor. Mutanen Cardassia ne suka gina ta a lokacin da suka mamaye duniyar Bajor, don sarrafa ma'adinai da aikin bauta. Da za su fice, sai suka kwashe abin da zai kwasu, suka lalata saura. A haka rundunar Starfleet ta karɓe ta. Ana cikin gyara kuma sai aka gano wata ƙofa a sararin samaniya, hanyar yanke zuwa wani yanki da haske kansa sai ya yi shekara 70,000 kafin ya isa. Aka tura tashar bakin ƙofar da kyar, ta zama mai gadin wurin da kowa ke so.

Faɗan farko abin dariya ne. Jiragen yaƙin Cardassia uku sun tsaya a gabanta, ita kuwa makamai masu linzami shida kacal gare ta. Manjo Kira ta sa aka harba duka shidan a matsayin gargaɗi, injiniya O'Brien kuma ya rikita na'urorin hangen abokan gaba har suka nuna musu cewa akwai 5,000 a ciki. Cika-baki ne zalla, amma ya sa maharan suka tsaya shawara, kuma wannan jinkirin ya taimaka har Kwamanda Sisko ya dawo.

Marubutan ba su manta da wannan ba. A farkon zango na huɗu, a 1995, rundunar Klingon ta kewaye tashar, Sisko ya shaida musu yana da makamai masu linzami 5,000 a ɗane. Janar Martok ya ce ƙarya ce, dabarar ruɗin na'ura ce kawai. Wannan karon gaskiya ne. Starfleet ta shafe lokaci tana girke makamai a ɓoye saboda tsoron daular Dominion da ke can bayan ƙofar, sai ga bakunan bindigogi suna fitowa daga jikin tashar ta ko'ina. A ganina babu fage mai daɗi kamarsa a shirin. Duk da haka Klingon sun huda garkuwar, suka shigo ciki aka yi gaba da gaba da wuƙaƙe. Abin da ya kawo ƙarshen faɗan shi ne isowar jiragen ɗauki da kuma shawo kan shugabansu Gowron.

A nan ne tsarin tsaron yake fitowa fili. Garkuwa da makamai ba su taɓa cin yaƙi su kaɗai ba, aikinsu su riƙe maƙiyi har wani abu ya faru a wani wuri. Shi ya sa tun zango na uku aka kawo jirgin Defiant, ƙarami mai makamai fiye da girmansa, wanda aka ƙera don yaƙar Borg, aka kuma ɗora masa na'urar ɓacewa da aka aro daga Romulan. Shi ne ƙafar da tashar ba ta da ita.

Mafi wayo a cikin dabarun bai fito daga wani janar ba. Rom ne ya kawo shi, ƙanin Quark mai mashaya, wanda kowa ke yi wa kallon sakarai. A ƙarshen zango na biyar, a 1997, ana neman toshe ƙofar don hana Dominion turo ƙarin jirage. Nakiya ta yau da kullum ba za ta yi ba, domin za a bi ta ɗaya bayan ɗaya a fasa. Rom ya ce a yi nakiyoyi, kowacce da na'urar ƙera irinta, ta yadda idan aka fasa ɗaya, na kusa da ita su samar da madadinta nan take. Tashar ta yi ta shan wuta har Defiant ya gama dasa su, sannan Sisko ya kwashe mutanensa ya bar ta, bayan an shirya lalata na'urorinta. An rasa tashar, amma ƙofar ta rufu. Sai da aka ɗauki watanni kafin Damar ya gano hanyar kashe na'urar ƙerawar, kuma ko a lokacin, jirage 2,800 da suka taso halittun da ke zaune cikin ƙofar ne suka ɓatar da su. Wasu masu kallo har yau suna ganin marubutan sun yi wa kansu sauƙi a nan, kuma suna da hujja.

Akwai wani kashi a zango na uku, mai suna Civil Defense, da duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu zai fahimta. O'Brien yana goge tsofaffin fayiloli a sashen ma'adinai, sai ya taɓo wata manhajar tsaro da Gul Dukat, tsohon shugaban tashar, ya bari don murƙushe boren bayi. Kwamfutar ta kulle ƙofofi, ta fara barazanar sakin iska mai guba, tana kallon sababbin masu tashar a matsayin 'yan tawaye. Dukat ya iso yana murmushi, yana neman a yi ciniki da shi kafin ya kashe ta. Da ya tashi komawa jirginsa, sai aka ga ashe na gaba da shi sun dasa tasu manhajar a ƙarƙashin tasa: ta ɗauke shi a matsayin matsoracin da ke gudun bakin aiki, ta soke lambobin sirrinsa, ta kulle shi tare da su, agogon tarwatsa tashar yana ci gaba da ƙirga.