Wane Mai Ya Kamata Ya Shiga Tukunyarku?

A kasuwannin Magariya da Dungas, cikin jihar Damagaram, za ku tarar da man gyaɗa, da manja, da man shanu, da kuma man jarka wanda ake shigowa da shi. Jiki yana bukatar mai, musamman jikin yara, amma ba duka amfaninsu ɗaya ba.

Man gyaɗa da man riɗi su ne kan gaba, kuma a gonakinku ake noma su. Ba sa daskarewa sai da sanyi mai tsanani. Kitse mai daskarewa da ke cikin man gyaɗa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa ba ya wahalar da hanyoyin jini. Amma akwai sharaɗi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta. Suya ba ta kashe ta. Tana shiga cikin mai, ta fi kuma taruwa a ƙuliƙuli. Saboda haka idan za ku matse mai a gida, ku shanya gyaɗa ta bushe sosai, ku tsince wadda ta yi baƙi ko ta motse, ku zubar. Kada ku ba yara, kada ku ba dabbobi.

Manja kuwa kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, na man shanu ma ya fi haka. A ci su kaɗan, musamman mai hawan jini. Duk da haka jan launin manja yana ba jiki bitamin A, mai kare yara daga dundumi. In kuka soya shi har ya yi fari, wannan amfani ya tafi.

Idan man kwalba ko na jarka za ku saya, ku duba tambari. Kalmar ENRICHI, ko hoton ido a kan kayan Najeriya, tana nuna an ƙara masa bitamin A. Hasken rana yana ɓata wannan bitamin, don haka ku guji man da ya wuni a rana, ku rufe naku ku ajiye a inuwa.

Man da aka yi ta soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, ya lalace. Ko da kun ƙara masa sabo, ba zai gyaru ba.