Abin da mai keke zai ɗaure a kariya kafin ya shiga daji

A hanyoyin ƙauye, inda ake ɗora buhun gero ko jarkokin ruwa a bayan keke a ratsa gonaki zuwa kasuwa, ba abin da ke sauke mahayi daga kan sirdi kamar ƙaya. Ga tsidau shimfiɗe a gefen turba, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da manoma ke shinge da su. Mai faci kuwa yana can bakin kasuwa ko tasha. Shi ya sa kayan faci ne farkon abin da ke shiga jaka: famfo, sholisho, 'yan faci, guntun sanfefa, da ƙarafa biyu masu faɗin baki na ɓanɓaro taya. Masu amfani da sukundireba a wannan aiki sukan ƙara wa tif wata hudar.

Facin kansa yana son haƙuri. A kankare wurin, a shafa sholisho sama-sama, a jira kamar minti biyar ya bushe, sannan a manna. Kafin a mayar da tif, a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin sau da yawa ƙayar tana nan a soke, tana jiran sabon faci. Sholishon da aka taɓa buɗewa yakan daskare cikin zafin bazara, don haka a riƙa dubawa. Wanda ke da hali ya ɗauki tif guda sabo. Canja shi ya fi sauri, a yi facin a gida.

Sai dai ba kowane tif ke shiga kowace taya ba, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Manyan kekunan dako irin Raleigh, wanda aka taɓa haɗawa a Kano, da Phoenix na Shanghai, tayarsu inci 28 ce. Yawancin kekunan gwanjo masu giya inci 26 ce tasu. Lambar tana rubuce a gefen tayar. Bawul ma iri uku ne: irin na mota, da siriri na kekunan tsere, da tsohon bawul na Dunlop mai 'yar roba a ciki. Robar nan takan tsage, iska ta riƙa zurarewa ba tare da ƙaya ta taɓa tayar ba, mutum ya yi ta neman hudar da babu ita. 'Yar roba biyu a aljihu ta isa. Famfon kuma a gwada shi a kan bawul ɗin tun a gida.

Sifana ma keken ne ke zaɓar ta. Lamba 15 ce ke kwance feda da notin ƙafa a yawancin kekuna, masu giya kuma suna buƙatar alanki lamba 4, 5 da 6. Tsofaffin kekunan Ingila notinsu awon inci ne, saboda haka sifana mai daidaita baki ta fi yi musu amfani. Fedar hagu, a tuna, baibai take ɗauruwa. Da yawa sun cinye zarenta suna zaton tsatsa ce ta riƙe.

Sarƙa ba ta cika tsinkewa ba, amma in ta tsinke tafiya ta ƙare. Mahaɗin sarƙa ba shi da wani nauyi, sai dai dole ya dace da faɗinta, don ta keke maras giya ta fi ta mai giya kauri. Filaya ƙarama ce ke sa shi.

Akwai abin da ɗaukarsa wahala ce kawai. Sifoka ɗaya in ta karye, a naɗe ta a jikin maƙwabciyarta, ƙafar za ta kai mutum gari. Boris da giris aikin makaniki ne a inuwa, ba na cikin yashi ba.

Sauran wurin da ya rage a jaka na abubuwan da ba a saye ne. Tsohon tif da aka tsaga tsaye yana ɗaure kaya, yana riƙe kariyar da notinta ya faɗi. Waya mai laushi tana tallafar sandar birki. Guntun tsohuwar taya, in aka shimfiɗa shi ta ciki inda dutse ya yaga tayar, yana hana tif leƙowa har a isa wurin mai faci, in dai an rage iska kuma an sauke rabin kayan.