Karen Farauta da Iyayen Gidansa Uku

Da an kwashe amfanin gona, kara ya bushe, sai a fara jin gangi da asuba a ƙauyukan Kano, Jigawa, Katsina da ƙasar Zazzau. Samari su fito da gora da barandami, wasu da bindigar toka, a cika mota maƙil. A tsakanin ƙafafunsu akwai fasinjan da ba ya biyan kuɗin mota, alhali rabin aikin ranar a wuyansa yake. Siriri ne, ciki a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, sau da yawa kunnuwa a yanke, wani har da laya a wuya. Baƙo zai ce yunwa ce. Mafarauci zai ce kare mai teɓa sai gadin gida.

Jarinsa hanci ne da ƙafa. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin jin ƙanshi kimanin miliyan 6, na wasu karnuka kuwa sukan kai miliyan 300, shi ya sa kare yake tsayawa cak a gindin sabarar da mutum goma suka wuce ba su ga komai ba. Rauninsa zafi. Ba ya gumi irin namu, sai ya zaro harshe yana haki kafin jikinsa ya huce, don haka mai kare na ƙwarai ba ya shiga daji da rani ba gorar ruwa. Can arewa, a kwarin Azawak na Nijar da Mali, Abzinawa suna da nasu irin mai dogayen ƙafafu, wanda ya fi dogara da ido da tsananin gudu.

Abokin karawarsa na kullum zomo ne. Zomon daji ba ya haƙa rami, lafewa yake yi a ɗan gurbi cikin ciyawa har sai an kusa taka shi, sannan ya zabura. Yana cikin gudu sai ya karya kwana, karen ya zarce da ƙura, kafin ya juyo an ba shi rata. Saboda haka ake son karnuka biyu ko uku, wani ya kora, wani ya tare. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma in za a faɗi gaskiya, mai cin gudun daban, mai cin zomon daban. Rabon kare bai cika wuce kayan ciki da ƙashi ba. Da aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, shi ma lura ce ta mutanen daji: kariya takan haihu bayan kwana 63 ko kusa da haka, kwikwiyo ya yi wajen mako biyu ido a rufe, kafin ya shekara ya fara bin manya, bayan 'yan shekaru kuma ƙafa ta yi nauyi.

Ba kowane nama yake iyawa ba. Damo ya shige rami ko kogon itace, ba kare bin damo. In kuwa aka yi rashin sa'a ya haɗu da gwaggon biri mai fiƙa kamar wuƙa, a nan ake kare jini biri jini.

Ubangidansa na farko malam ne, kuma ya fi yi masa adalci fiye da yadda ake zato. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta yi bayani: in karen horarre ne, kuma mai shi ne ya sake shi, abin da ya kashe ya halatta. Sai an yi bisimilla wajen sakin, in kuma an tarar da naman da rai sai an yanka. Farauta don wasa kawai makaruhi ce. Malikiyya ma ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, duk da ana wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. Sai dai akwai wani sharaɗi da farautar gayya ke yawan takawa: in wani karen da ba a san yadda aka sake shi ba ya shiga kamun, ba a gane wanda ya kashe ba, naman bai ciwu ba. A dajin da karnuka hamsin suka rufar wa gada ɗaya, wa zai rantse?

Na biyu shi ne sarkin dawa ko sarkin baka, gwargwadon yadda gari ya saba kira. Shi ke sa rana, ya sanar da masu garin da za a ratsa, ya raba gardama. Gardamar kuwa ba ta ƙarewa. Wannan ya ce karensa ne ya fara kamawa, wancan ya ce gorarsa ce ta kayar, wani ɗan tauri ya zo ya fizge ya ce a biyo shi. An sha zubar da jini a kan zomon da kuɗinsa bai kai na ɗinkin rauni ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma sau da yawa maratayin bai yi gudun komai ba. Duk da haka, dokar da ta fi aiki a cikin daji ita ce ta sarkin dawa, don mafarauci ya fi jin kunyar sarkinsa fiye da tsoron takardar da bai taɓa gani ba.

Na uku hukuma ce, takardunta kuwa suna nan. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, gwamnatin soja ta yi dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Yankari, da aka keɓe tun 1956, ba a farauta a cikinsa. Cinna wa daji wuta don koro nama laifi ne, bindiga kuma sai da lasisi. Amma idon hukuma a kan bindiga yake, karen ba mai tambayar lafiyarsa, alhali kusan duk mutumin da ciwon haukan kare ya kama daga cizon kare ya samo shi, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin. Kare da ke cizon dila da jaba a daji ya dawo ya kwana inda yara ke wasa shi ya kamata a fara yi wa.

A birni sunansa ma zagi ne. Karen farautar wane, in ji 'yan siyasa, wato wanda ake sakawa ya yi cizo a jefa masa ƙashi. Mai karen ma bai tsira ba, ana yi masa kallon ɗan daba. Ga daji yana ƙarewa, gonaki sun cinye shi, dole mafarauta su riƙa nausawa nesa, har kudu. A watan Maris na 2025 wasu mafarautan Kano suna dawowa daga jihar Ribas don yin Sallah a gida, 'yan banga suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, kuma sai da gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya.